Yadda Ake Shafa Jan Garura A Cikin Ɗaki Ba Tare Da An Yi Da-na-sani Ba

Akwai wani launi da ke zaune tsakanin ja wur da ruwan hoda. Ya fi ruwan hoda nauyi, bai kai jan jini zafi ba, in ka zuba masa ido kuma za ka hango wani ɗan shuɗi-shuɗi ya laɓe a ƙarƙashinsa. Hausa na da sunansa tun tuni, jan garura. A jikin gwangwanin fenti kuwa sunayensa ba sa ƙirguwa, kowane kamfani da wanda ya raɗa masa, amma wanda aka fi ji shi ne majenta, sunan da ya samo asali daga garin Magenta na ƙasar Italiya, inda aka gwabza yaƙi a 1859, shekarar da wani sabon rini mai wannan launi ya shiga kasuwa. Da kamfanin Pantone, mai tsara ma'aunin launuka, ya zaɓi wani nau'insa, Viva Magenta, a matsayin launin shekarar 2023, sai ya sake dawowa idon masu gyaran gida.

In aka iya shi, yana mayar da ɗakin da ba kowan kowa ba ya zama wurin da baƙo zai tsaya a bakin ƙofa ya ƙara kallo. In ba a iya shi ba, babu launin da ya kai shi tonon asiri. Duk wani rami, duk wani tudu, duk inda hannun mai fenti ya gaji, sai ya nuna. Kuma mafi yawan aikin ana gama shi ne kafin ma a buɗe bokitin jan.

Na san haka ne don na taɓa cin tuwon a kaina. Karon farko da na sa aka yi min shi, a kan farin bango fes muka ɗora, kai tsaye. Bayan shafin farko bangon ya fito kamar an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, wani wuri jajir, wani wuri fari-fari, ga sawun rola layi-layi daga sama har ƙasa. Mai fentin ya dube ni ya ce, "Maigida, kwantar da hankalinka, na biyu zai rufe." Na biyu bai rufe ba. Na uku ma haka. Sai a shafi na biyar muka samu abin da za a iya kalla, fenti ya ƙare har sau biyu, kuma wanda aka ƙaro daga baya bai zo daidai da na farko ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, ni ma ban san abin da zan tambaya ba.

Fara da tambayar: ina za a sa shi?

Kafin ka je wurin masu haɗa fenti, zauna a ɗakin ka yanke shawarar yawan wurin da za ka ba wannan launi. Wanda bai saba da shi ba, shawarata ya fara da bango guda. Bangon da ido ke fara sauka a kai in an shigo, ko wanda ke bayan gado, ko wanda doguwar kujera ta jingina da shi. Kada ka zaɓi bangon da taga take jiki. Hasken da ke shigowa ta tagar yana kashe ido, bangon da ke kewaye da ita sai ya koma duhu, launin da ka kashe kuɗi a kansa ya zama kamar baƙi. Bangon da ke fuskantar taga, ko wanda ke gefenta, shi ke shan haske ya nuna kansa.

Ana kuma iya shafe ɗaki gaba ɗaya, amma abin mamaki ƙaramin wuri ya fi ɗaukar haka fiye da babba. Ɗan lungun shiga gida, ɗakin cin abinci, ɗakin karatu, bayan gidan baƙi, wuraren da ake shiga a ɗan jima a fita. Mutane na tsoron cewa launi mai duhu zai matse ƙaramin ɗaki. Ɗakin dama ƙarami ne, farin fenti ba zai ƙara masa taku ko ɗaya ba. Abin da jan ke yi shi ne ya sa ƙanƙantar ta zama kamar da gangan aka yi ta.

Wurare biyu ne nake hana mutane. Na farko, bangon da ke kusa da madubin kwalliya. Bango mai launi yana mayar da haske da launinsa, don haka duk wadda ta zauna gaban madubin za ta ga fuskarta da ja-ja, ta gyara kwalliya bisa abin da ba gaskiya ba, sai ta fita waje ta ga bambanci. Na biyu, bangon da ke bayan kwamfuta a inda mutum ke wuni yana aiki. Ido yana gajiya da shi.

Wanda kuma yake son launin amma zuciyarsa ba ta kwanta da bango ba, ga ƙofa, ga cikin kantar littattafai, ga rabin bango na ƙasa, ga tsohuwar durowa. Lita ɗaya ta isa, in bai yi maka ba kuma yini guda ya ishe ka ka sauya.

Zaɓen ainihin launin, da gwaji

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Jan garura dangi ne guda. Akwai mai karkata wajen shuɗi, wanda ke neman zama shunayya. Akwai mai karkata wajen ja zalla. Akwai wanda aka ɗan kashe masa kaifi da toka ko ruwan ƙasa. A katin launi, wannan na ƙarshen shi ne ba ya burge kowa, ana ganinsa kamar ya koɗe. A bango kuwa shi ne yakan fi kyau, domin launi yana ƙara ƙarfi in ya samu fili. Abin da ka gani daidai a ɗan kati mai faɗin yatsa uku, in ya bazu a bango mai mita 4 sai ya yi ta ihu. Saboda haka in kana tsakanin biyu, ɗauki wanda ya fi natsuwa.

A bayan katin launi ko a takardar bayanin fentin, kamfanoni da yawa suna sa wata lamba da ake kira LRV. Tana nuna yawan hasken da launin ke mayarwa, daga 0 wato baƙi ƙirin, zuwa 100 wato fari tas. Farin fentin ɗaki yakan haura 80. Jan garura mai duhu yakan faɗo ƙasa da 20. Ma'anar wannan a aikace ita ce bangon zai shanye mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, don haka ka sa a ranka cewa ɗakin zai buƙaci ƙarin fitila.

Kada ka yarda da hoton waya. Allon waya haske yake fitarwa, fenti kuwa haske yake karɓa ya mayar, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Gani ya kori ji: sayi ɗan ƙaramin gwangwani na launuka biyu ko uku da ka fi so. Sami kwali mai kauri ko falle na katako, kamar rabin mita tsawo da faɗi, ka shafa masa fentin ƙasa, wato wanda ake fara sa wa bango kafin ainihin launin, irin wanda za ka yi amfani da shi, sannan ka bi da jan sau biyu ko uku. Na fi son kwali a kan shafawa a jikin bango, domin kwali ana yawo da shi kusurwa-kusurwa, kuma ba ya barin tabon da za a sha wahalar rufewa. Kada ka bar farin gefe a jikin kwalin, yana ruɗar ido.

Jingina shi ka bar shi kwana biyu ko uku. Dube shi da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna fitila. Ɗakin da rana ke shiga da yamma yana ƙara wa launin zafi, har ya nemi komawa ja wur. Ɗakin da rana ba ta shiga kai tsaye yana fito da shuɗin da ke cikinsa, ya yi sanyi. Da almuru kuma za ka ga abin da wani masani ɗan ƙasar Cek, Purkinje, ya bayyana tun ƙarni na 19: idan haske ya ragu, ja shi ne launin da ya fi saurin dushewa a idon mutum, yayin da kore da shuɗi ke daɗewa ana ganinsu. Wato bangon da ke walƙiya da rana zai iya zama kusan baƙi da magariba. Ba fentin ne ya lalace ba, haka ido yake.

Ƙwan fitila ma yana da ta cewa. A jikin kwalinsa ana rubuta lambar kelbin, mai nuna launin haskensa. Mai 2700 zuwa 3000 haskensa ruwan ɗorawa ne, yana sa launin ya yi taushi da ɗumi. Mai 4000 tsaka-tsaki ne. Mai 6500, wannan farin mai kama da na asibiti, yana mayar da jan garura ya yi kamar shunayya mara rai, ni dai ban taɓa ganin inda suka dace ba. Sannan ka duba lambar CRI, mai nuna yadda hasken ke fito da ainihin launin abubuwa, ka nemi 90 ko sama. Ƙwayayen LED masu rauni a wannan lamba ja ne launin da suka fi cuta, sukan nuna shi kamar ya tsufa. Yi gwajin kwalinka da ainihin ƙwan da zai zauna a ɗakin.

Sheƙi ko rashin sheƙi

Don bango, fentin ruwa. Wanda ba ya sheƙi ko kaɗan shi ya fi fito da zurfin launin, kamar karan-miski, kuma yana ɓoye ƙananan kurakuran bango. Aibinsa, in launi mai duhu ne, duk inda kafaɗa ko bayan kujera ya goga sai wurin ya ɗau wani ƙyalli da ba ya fita. Mai ɗan sheƙi kaɗan, irin na ɓawon ƙwai, shi ne matsakaici, ana goge shi da tsumma, ya dace da falo da hanyar wucewa da gidan da ke da yara. Mai ƙyalli sosai a bar wa ƙofa da katako da ƙarfe, sai fa in bangonka sumul yake kamar gilashi.

Kalma ɗaya game da fentin mai. A ƙasashen da doka ba ta da ƙarfi, fentin mai masu launi mai kaifi, ja da ruwan ɗorawa da ruwan lemo, su ne aka fi samun dalma a cikinsu, dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma.

Lissafin yawan fenti

Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, a bango mai santsi. Yi lissafi da 10 don ka tsira. Bango mai faɗin mita 4 da tsayin mita 3 murabba'in mita 12 ke nan. Shafi ɗaya lita 1.2, shafi uku lita 3.6, sai ka sayi 4 ko ma 5. In ɗakin duka ne, a ce mita 4 da mita 3.5, kewayensa mita 15, a ninka da tsayi 3 ya ba da 45. Cire ƙofa da taga, kamar 4, saura 41. Shafi uku 123, wato lita 12 da ɗoriya. Sayi 14.

Na ce shafi uku, ba biyu ba, ko da an rubuta biyu a jikin bokitin. Kuma ka sayi duka a rana ɗaya, daga haɗi ɗaya. Injin haɗa launi ɗigo-ɗigo yake zubawa, ɗan saɓani kaɗan tsakanin haɗin yau da na jibi ba a ganinsa a farin fenti, amma a ja yana fitowa ƙiri-ƙiri. In bokiti ya wuce ɗaya, juye su duka a babban mazubi ka gauraya sosai kafin a fara, sannan ka mayar. Ɗauki hoton lambar haɗin da ke jikin murfin ka ajiye.

Gyaran bango

Fitar da abin da zai fitu, tara saura a tsakiyar ɗaki ka rufe. Shimfiɗa leda a ƙasa, ka ɗora tsohon zane ko kwali a kanta, don leda kaɗai tana santsi kuma ɗigon fenti ba ya bushewa a kanta, sai ka taka ka yi ta yawo da sawun ja a gida. Kashe wuta ka kwance murafan soket da makunnai.

Wanke bangon da ruwa da ɗan sabulu, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe. Kankare duk fentin da ya ɗaga. Cike ramuka da tsagu da fila, in ta bushe ka bi da samfefa mai laushi, lamba 120 sannan 180. Ga dabarar da ba na tsallakewa: da dare, kashe fitilar ɗakin, ka manna tocila a jikin bangon ta haska shi a kwance. Duk wani tudu da rami zai fito da inuwarsa. Yi wa kowanne alama da fensir, gobe ka gyara. Abin da tocila ta nuna maka, shi ne jan zai nuna wa baƙinka.

In tsohon gida ne mai fentin mai na shekaru aru-aru, kada ka goge shi a bushe. Amurka ta haramta dalma a fentin gidaje tun 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan nan ba su yi ba. Jiƙa wurin kafin gogewa, sa takunkumi mai kyau, a fitar da yara da mai juna biyu daga wurin.

In kuma sabon shafen siminti ne, ba shi aƙalla makonni huɗu ya bushe. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na kanwa da ke cinye jan launi, ya bar fari-farin tabo. Sai an fara sa masa fentin ƙasa mai jure wannan kaifin. Bangon da ke tsotsar damshi daga ƙasa ko daga bututun da ke yoyo, gyara yoyon tukuna, babu fentin da zai yi maganinsa.

Fentin ƙasa mai ruwan toka

Wannan shi ne abin da ban sani ba a wancan karon, kuma shi ne rabin aikin. Farin fenti yana rufewa da sauri ne saboda wani farin sinadari mai kauri da ke cikinsa, taitaniyam dayoksaid. Don a samu ja mai zurfi, dole a rage wannan farin ƙwarai, in ba haka ba launin zai tsaya a ruwan hoda. Su kuma sinadaran jan da ake zubawa, haske yana ratsa su, kamar ruwan da aka rina. To in ka ɗora irin wannan a farin bango, haske zai ratsa jan, ya daki farin, ya dawo da ƙarfinsa. Inda fentin ya ɗan fi kauri sai ya yi duhu, inda ya fi siriri ya yi haske, shi ne wannan dabbare-dabbaren da ke ƙin ɓacewa.

Toka tana shanye wani kaso na hasken, sai bambancin kauri ya daina nunawa. Ka ce wa masu haɗawa su rina maka firaima, wato fentin ƙasan, zuwa ruwan toka matsakaici. Gwargwadon duhun jan, gwargwadon duhun tokar. Wasu kamfanoni ma suna rubuta irin tokar da ta dace da kowane launi a bayan katinsa. Za a iya ba ka shawarar a rina firaimar da ɗan jan, ta zama ruwan hoda. Hakan ya fi a bar ta fara, amma bai kai toka ba. Shafi ɗaya na tokar ya isa in ya rufe ko'ina daidai, har wuraren da aka sa fila, domin su suna shan fenti fiye da sauran bango. Bar shi ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwanin.

Shafa jan

Manna tef ɗin takarda a gefen silin, da bakin ƙofa, da kusurwar da jan zai haɗu da wani launi. Danne bakinsa da farce. Sannan ga wata dabara: ɗauki ɗan fentin launin maƙwabcin, a ce fari, ka shafa siriri a kan bakin tef ɗin ka bar shi ya bushe. Duk wata kafar da fenti zai iya kurɗawa, farin ya riga ya toshe ta. In ka cire tef daga baya, layin zai fito kamar an ja shi da reza. Tsakanin ja da fari, ko ɗigo ɗaya ya tsallaka ana hangensa daga ƙofa.

Juya fentin da sanda har ƙasan bokiti, ka riƙa sake juyawa lokaci-lokaci. Kada a tsinka shi da ruwa fiye da abin da kamfanin ya yarda. Masu fenti da yawa sun saba ƙara ruwa don hannu ya yi sauƙi kuma fenti ya yi auki. Da fari ana tsira, da wannan launi kuwa fentin da dama ba ya rufewa ne ake ƙara raunanawa. Faɗa wa mai aikinka tun farko, cikin mutunci, kuma ka tsaya a wurin lokacin buɗe bokiti.

Rola mai matsakaicin gashi, milimita 9 zuwa 12, ita ce ta bango mai santsi. In sabuwa ce, naɗe ta da tef ka warware don ya kwashe gashin da ke zuba. Bango ɗaya ake ɗauka a gama shi kafin a taɓa wani. Bi gefe-gefe da buroshi, faɗin kamar yatsu huɗu, sannan tun bai bushe ba a bi da rola, a matsa da ita kusa da gefen iyakar iyawa. In aka bari aikin buroshi ya bushe kafin rola ta iso, bangon zai fito da wani firam mai duhu a kewaye. Shi ya sa mutum biyu suka fi: ɗaya na yanka gefe, ɗaya na biye da shi.

Cika rolar da fenti sosai, amma ba har tana ɗiga ba. Ɗauki faɗin kamar mita ɗaya, baza fentin, sannan ka daidaita da jan hannu daga sama zuwa ƙasa, kowane layi ya ɗan hau kan na baya tun yana ɗanye. Jan ƙarshe kullum ta fuska ɗaya, sama zuwa ƙasa, da hannu sako-sako. Kada ka danne rola don ka matse ragowar fenti, nan ne sawun gefenta ke fitowa. Kada ka tsaya a tsakiyar bango don amsa waya, kai kusurwa tukuna. Kashe fanka, rufe tagar da iska ke bugowa kai tsaye, amma a bar wata kafa a buɗe saboda wari. Tsananin zafi yana busar da fenti kafin a haɗe layi da layi, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 kuma yana hana shi kamawa.

Shafin farko zai yi muni. Ko da toka a ƙasa, zai yi muni. A nan ne hannu ke ƙaiƙayi, mutum ya ga wani wuri ya yi haske ya koma ya ƙara masa. Kada ka koma. Fentin da ya fara kamewa in aka sake bi ta kansa ɗagowa yake, ya bar tabon da shafi biyu ba za su ɓoye ba. Sauri ya haifi nawa. Yawancin fentin ruwa ana sake shafa shi bayan awa 2 zuwa 4, amma mai launi da yawa ya fi jinkirin bushewa, don haka ni nakan ba shi yini ko kwana. Bayan shafi na biyu za ka fara ganin abin da ka saya. Kwana ɗaya, duba da hasken rana, sannan ka yanke ko ana buƙatar na uku. Galibi ana buƙata.

Cire tef tun shafin ƙarshe bai gama ƙanƙamewa ba, a hankali, kana jan sa a karkace. In ya riga ya bushe, bi bakinsa da reza kafin ka ja, kada ya taho da fatar fentin.

Abokan zamansa

Masu adon ɗaki suna da wani ma'auni na 60, 30, 10: kashi 60 launin da ya mamaye, 30 mai biye masa, 10 na ƙawa. Ba doka ba ce, amma tana taimakon mai farawa. A falo, jan garura ya fi zama lafiya a 30 ko 10.

Fari tas kusa da shi yana da kaifi da yawa, kamar ana faɗa. Fari mai ɗan ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi kwantar da shi. Ka kuma sani farin silin zai ɗauki ɗan ruwan hoda daga bangon, wannan ba kuskure ba ne. Kore shi ne kishiyarsa a da'irar launuka, shi ya sa tukunyar shuka guda mai faffaɗan ganye a gaban jan bango take yin abin da kayan ado goma ba za su yi ba. Kore mai duhu ko mai ruwan toka a kujera ko labule ma haka. Shuɗi mai duhu yana ba shi kamala. Katako mai duhu, tagulla, fata, igiya da saƙar kaba, duk suna tafiya da shi. Luis Barragán, masanin zanen gine-gine na ƙasar Meziko wanda ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, a 1980, ya yi suna da manyan bangaye masu ruwan hoda mai ƙarfi, kuma in ka duba hotunan gidajensa za ka ga abin da ya kewaye su kaɗan ne: farin bango, katako, ruwa, itace, sai haske.

Abin da nake gudu shi ne a bi shi da 'yan uwansa. Jan labule, jan kafet, jan filo, kowanne da irin nasa jan, sai su yi ta musu da juna. Maimaita launin sau ɗaya ko biyu a ƙananan abubuwa can ɗaya gefen ɗakin ya wadatar. Katako mai ruwan lemo da tayil mai ruwan ɗorawa su ma ba sa jituwa da nau'in da ya karkata wajen shuɗi, don haka ka ajiye kwalin gwajinka a ƙasa kusa da su tun kafin ka saya.

Bayan an gama

Fenti yana bushewa a taɓa cikin awanni, amma ƙarfinsa ba ya cika sai bayan makonni biyu zuwa huɗu. A wannan tsakanin kada a wanke, kada a jingina kujera, kada a manna komai. In ka goga farin tsumma ka ga ɗan ja a jikinsa a kwanakin farko, ba abin tashin hankali ba ne. A bayan gida ko kicin, tururi na iya sa wasu layuka masu ƙyalli da danƙo su gangaro a sabon fenti mai duhu. Sinadaran da ke riƙe launin ne suka taso. Goge su a hankali da ruwa zalla da tsumma mai laushi, kuma a guji wanka da ruwan zafi a wurin na 'yan kwanakin farko.

Rana tana cin ja fiye da yawancin launuka. Bangon da take duka kullum zai koɗe a hankali, ranar da ka ɗaga hoton da ke rataye za ka ga asalin launin a bayansa. Labule mara nauyi a lokacin da ta fi zafi yana rage wannan.

Zuba ragowar fentin a ƙaramin mazubi mai murfi da zai cika shi, don iskar da ke ciki ta yi kaɗan, rubuta sunan ɗaki da lambar haɗi a jiki, ajiye inda babu zafi. Ɗan ƙwarzane ana taɓa shi da bakin ƙaramin buroshi, a ɗiga kawai, ba a shafa ba. In wurin ya kai tafin hannu, faci zai nuna, gara a sake bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Ranar da kuma ka gaji da shi kana son komawa fari, hanyar da ka bi ka shigo ita za ka bi ka fita: samfefa sama-sama, firaima mai toshe launi shafi ɗaya ko biyu, sannan sabon fentin sau biyu.